Gawo Cikin Gilashi

A shekarar 1997, kamfanin Madubin Adar mutum biyu ne kacal: Ezra da Salome. Ofishinsu wani ɗakin ƙasa ne a bayan asibitin mishan, inda mahaifiyar Salome ke aikin jinya. Ezra ya dawo daga karatu a Faransa da ordinatar guda, wato kwamfuta, da kamara, da lojisiyel, wato manhajar kwamfuta, da ya rubuta da kansa, ya raɗa masa suna Gobe. Ka nuna wa kamara fako, a gilashin ordinatar sai ka ga fakon nan dai, amma itatuwa tsaye a kansa, kore shar. Salome ce ke kafa turaku masu baƙin zane a ƙasa, don na'urar ta san inda za ta tsayar da kowane itace.

Masu aikin dashen itatuwa na yankin Keita sun ce in Gobe ya sa ƙauye ɗaya ya yarda da dashe, za su ɗauki kamfanin. In ba haka ba, aiki na jiran Ezra a Faransa. Salome kuwa ba za ta bar mahaifiyarta ba. Ba su taɓa zancen ba, amma kullum yana tsakaninsu.

Da hantsi suka isa gonar wani dattijo, Muhammadu, kusa da Garhanga. Salome ta kafa turaku, Ezra ya haɗa batirin mota, jama'a suka taru. Itatuwa suka fito a gilashi, sahu-sahu.

Muhammadu ya daɗe yana kallo.

"Mushe," ya ce da Ezra, kamar yadda ake kiran ɗan boko, "iccen ga na wa na?"

"Naka na, Baba."

"Ni ban dasa ba." Ya nuna turakun da sandarsa. "Zamanin da masu raƙuma ke bisa kanmu, kakana na noma, wani na ɗaukar gero. Yau kun kahwa turaku cikin gonata, kun jera icce awa soji. Wanda yad dasa icce, shi ad da ƙasa. Kowa ya sani."

Mutane suka fara janyewa. Ezra bai kalli gilashin ba, Salome ya kalla.

Ita kuwa sai ta bi turakun tana tumɓukewa, ta dawo ta durƙusa gaban Muhammadu.

"Baba, da can babu icce nan?"

Cima, matar Muhammadu, ta ƙyalƙyale da dariya. "Ɗiyata, tambaye shi gawon da yake laɓewa yana jirana in na taho daga rijiya! Wai akuyatai yake biɗa."

"Ke, Cima, ji tsoron Allah!"

"Akuyar da ba ka da ita?"

Babban fari ne ya kashe gawon. Cima ta ja hannun Salome har bakin wata ƙorama, ta buga ƙafa a ƙasa. Nan Salome ta kafa turke ɗaya. Ezra ya share sahun nan duka, ya tsayar da gawo guda.

"Ƙara mishi tsawo," in ji Cima. "Kuma ya karkata gabas."

Ezra ya karkatar da shi.

Muhammadu ya matso har gemunsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ɗaga kai ya dubi wurin, babu komai sai turke. Ya sake duban gilashin. Sannan ya ja rawaninsa ya rufe rabin fuskarsa.

"Ku kawo dashe," ya ce a hankali. "Amma ni ka dasawa, da hannuna. Nan."

Kafin azahar, wani ya ja su wurin tsohuwar magaryarsa, wata kuma tana kiran a zo a tsayar mata da aduwar uwarta.

A hanyar komawa Ezra ya ce sabon lojisiyel ɗin zai buƙaci suna.

"Jiya," in ji Salome, turaku a cinyarta. "Kuma ƙauyukkan Bouza ma suna da nasu iccen. Aikin ga zai daɗe."

"Ina da lokaci," ya ce.

Ta juya tana kallon duwatsu, don kada ya ga murmushinta.