Itacen da Ya Sha Kanwa

Shekarar da aka kawo dashen dogon yaro unguwar Ajilari a garin Yerwa, babu wanda ya taɓa ganin babbansa. Bulama Kashim, mai unguwa, ya tara magidanta a ƙofar gidansa ya ce hukumar gari ta gaji da ranar Yerwa mai gasa mutum a tsaye, za a yi inuwa layi-layi, kowane gida da dashe ɗaya a bakin ƙofa. Ban ruwa na mai gida ne, shinge ma nasa ne.

"Itace da gida tare suke," in ji shi da Hausarsa mai ƙamshin Barbarci. "Wanda nasa ya mutu zai gan ni a ƙofarsa."

Kowa ya ce to, ya ɗauki nasa ya tafi yana hira. Mutum ɗaya ne maganar ta tsaya wa a ƙirji, shi ne Abakar.

Abakar Bafulatani ne, kuma da can mai garke. Ciwon bushiya ya bi ta kan shanunsa ya share su tas, ya shigo gari da matarsa Zaratu da jaki ɗaya da ragowar buhun kanwar shanu. Bulama ne ya nuna masa fili a gefen unguwa. Aro ne, kyauta ce? Abakar bai taɓa tambaya ba, don tsoron amsar yake. Ya kama riƙe igiya a kasuwar shanu har ya zama ɗan ƙaramin dillali, ya gina ɗakin ƙasa guda, ya rufa shi da azarar giginya. Ranar da aka gama rufin, Zaratu, wadda ta binne 'ya'ya biyu a hanyar kiwo ba ta ma san inda za ta sake ganin kaburburansu ba, ta zauna a tsakiyar ɗakin ta dafa ƙasa.

"Malam, daga nan sai kabari," ta ce. "Ni na gama yawo."

To, wannan ɗakin ne aka ce tare yake da wani tsiro da bai kai gwiwa ba.

Maƙwabcinsa Umara, mai sayar da bandar kifi a Kasuwar Litinin, Babarbare ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Sai dai Umara irin mutanen nan ne masu tsokana da busasshiyar fuska, ba ya dariya sai ya juya baya.

"Wushe, sannu bawana," ya ce da ya ga Abakar yana kafa shingen ƙaya. "Kafa da kyau. Ka dai ji abin da Bulama ya faɗa. Dogon yaro ya mutu, Fulata ya koma daji."

Abakar ya yi yaƙe ya ce, "Allah ya sawwaƙe maka, mai warin kifi." Wasa ne, ya sani. To amma ai a cikin wasa ake faɗa wa wawa gaskiya.

Ya kama kiwon itacen nan kamar yadda ya iya kiwo. Kafin ya sha ruwa sai ya ba shi. Ya laƙaba masa suna Karsana, yana yi masa magana, yana duba bayan ganye kamar mai neman kaska. Itace kuwa ya amsa, ya yi kore shar, har ya ɗara na Umara, kuma Abakar bai bar Umara ya manta da haka ba.

Sai bazara ta sauka da zafinta. Ganye ya fara langaɓewa, na ƙasa ya yi rawaya yana zuba. Na kowa ma haka ya yi, amma ina, Abakar nasa kaɗai yake gani. Ya tsuguna ya zuba masa ido, sai ya ga abin da ya sha gani a garke: dabba ta rame, ta saki kunne, ruwa bai ishe ta ba. Kowane makiyayi ya san maganin wannan tun yana goye. Ya shiga ɗaki ya jawo buhun kanwar nan da ya ƙi rabuwa da shi.

"Malam, me za ka yi?" in ji Zaratu.

"Karsana na son kanwa."

"Haba Malam, itace fa ba shi da tumbi."

"Duk mai shan ruwa yana son kanwa. Ni za ki koya wa kiwo?"

Ya jiƙa ta a ƙwarya, ya dama, ya tuttule a gindin. Kafin Juma'a ta zagayo bakin ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Da wani ne, da ya tsaya nan. Shi kuwa ya ce ai haka kanwa take, sai ta wanke ciki tukuna dabba take murmurewa, ya ƙara wata ƙwaryar. Wayyo Abakar! Ganye ya kakkaɓe, reshe ya bushe ƙayau, ƙasar gindin ta yi fari fat. Ya kankare ɓawon da farce yana neman ɗigon kore, bai samu ba.

Daga ranar tsoro ya tare a gidan. Ya samo tsohon zana ya kewaye shingen, wai yana kare dashe daga rana. Da sassafe yana fita da tulu ya zuba wa mataccen itace ruwa don maƙwabta su gani. In ya ji takun doki a layi, sai ya faɗa ɗaki. In ya hango jan kaya daga nesa ya ɗauka dogari ne, ko da mace ce da zane. A kasuwa aka fara yi masa tsiya, dillali ana ciniki yana waige.

Wata rana ya bi ta unguwar Limanti, ya ga wani gida a rufe, ƙofa an tokare ta da kara, ga busasshen dashe tsaye a bakinta. Ya tambayi wata mai tallan ƙosai ina masu gidan.

"Sun tashi," ta ce, ta ci gaba da juya ƙosanta.

Bai tsaya tambayar wanne ya riga ba, tashin ko mutuwar itacen. Mai tsoro ba ya jiran ƙarshen magana. Ya dawo gida ya kwashe abin da ya gani ya faɗa wa Zaratu.

"Je ka gaya wa Bulama gaskiya," in ji Zaratu. "Mutum ne fa, ba kura ba."

"In kai kaina mahauta?"

Aka yi ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi, dashen kowa ya farfaɗo. Da la'asar Umara ya leƙo ta kan zanan nan, ya ga abin da ke ciki, ya kama haɓa.

"Gobe Bulama zai zaga gida-gida, shi da mutanensa," ya ce, fuskar nan a murtuke. "Ɗaure kayanka, bawana. Daji na kiranka."

Ya juya ya tafi. Da Abakar ya kalli kafaɗunsa da ya ga suna girgiza, amma shi ƙasa yake kallo.

Bafulatani ba ya jiran a ɗaga masa sanda. In wuri ya ƙi shi, kafin a ce tashi ya kwance bukka ya yi gaba da mutuncinsa, kuma ba ya barin ko tsinke. Ana idar da sallar asuba Abakar ya hau kan ɗakin da gatari. Ba zai tsaya a fito masa da tukwane waje gaban jama'a ba, ba kuma zai bar wa wani azararsa ba.

Zaratu ta fito da gudu da ta ji ƙasa na zubo mata. "Malam! Don Allah, don Annabi, sauko! Bari ya zo tukuna!"

"In ya zo da dogarai fa? A ɗaure ni kina kallo?"

Ta yi roƙo har muryarta ta dishe. Da ta ga rana ta leƙo cikin ɗakinta ta sama, sai ta daina. Ta zauna a bakin ƙofa ta rungume ƙwaryarta. Kafin hantsi rufi ya tafi, katanga ɗaya ta tsage, azara na kwance a ɗaure gefen jaki.

Sai ga takun doki. Wannan karon na gaske ne. Bulama Kashim ne, bayansa mutum biyu da kwanduna a ka. Abakar ya zube ƙasa.

"Alanguburo, ranka ya daɗe, na tuba. Ba sai an kore ni ba, ga shi ina tafiya. A bar ni in fita da matata lafiya."

Bulama ya dubi ɗakin, ya dubi jakin, ya dubi matar. "La'ilaha illallahu! Wa ya mutu? Wa ya kore ka?"

"Itacen ne ya mutu, Alanguburo. Kai ka ce zan gan ka a ƙofata."

"To ba ga ni ba?" Ya yi nuni, aka sauke kwando. Cike yake da sababbin dashe, kowanne da curin ƙasarsa a jiƙe. "Na wajen mutum nawa ya mutu a unguwar nan! Akuya ta ci wasu, gara ta ci wasu. Dashe ne, Abakar. In ya mutu a sake wani. Abin da nake zagawa ke nan."

Ya sauka daga doki, ya yaye zanan, ya ga farar ƙasa. Ya dangwala ya ɗanɗana, ya tofar.

"Kanwa? Kanwa ka ba shi?"

"Ya rame ne," in ji Abakar, da ƙyar ake jin sa.

Masu kwanduna suka tuntsire da dariya. Umara ma ya iso a guje, bakinsa a buɗe da tsokanar da ya kwana yana shiryawa, sai ya ga sama ta cikin ɗakin. Tsokanar ta maƙale masa. "Wallahi wasa nake," ya ce. "Abakar, wasa ne fa. Ai ka san wasa ne." Shi ne karo na farko da ya kira shi da sunansa.

Bulama ya ce a kwashe ƙasar ramin duka a zubar nesa, a kawo sabuwa daga bakin kogi. Ya ɗauki dashe ɗaya ya miƙa wa Abakar, amma Abakar ya sunkuyar da kai don kunya. Zaratu ce ta miƙe ta karɓa. Ta zubar da ɗan abin da ke cikin ƙwaryarta ta zaunar da shi a ciki.

Iska mai sanyi ta taso daga gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, kuma kowa a wurin ya san abin da ruwa yake yi wa katangar ƙasa marar rufi.

"Zaratu," in ji Abakar, "shiga gidan Umara ki fake."

Ba ta ko dube shi ba. Ta ɗauki ƙwaryar ta shiga ɗakinta, ta zauna a tsakiya kan tarin ƙasa, daidai inda ta zauna ranar da aka gama rufi.

"Na gaya maka na gama yawo," ta ce.

Abakar ya durƙusa gaban azarar yana neman kwance ƙullin da ya ɗaure da hannunsa. Ƙullin makiyayi ne, irin wanda ko bijimi ba ya tsinkewa. Yana ta fama da shi ɗigon farko ya sauka a bayan wuyansa.