Bulo Ɗaya a Cikin Kwata

Magini ne, shekara talatin yana aza bulo, kuma a layinsu ba wanda ya kai shi faɗa kan zuba shara a kwata. Har maƙwabta suka laƙaba masa Sarkin Kwata.

Da ƙafafun mahaifiyarsa suka gaza hawa bene, sai ya gina mata ɗaki a ƙasa, jikin katangar baya. Ya auna ya sake aunawa, gadonta na ƙarfe ba zai shiga ba, saura ƙiris. Tsohuwa kuwa ta ce ita da gadon nan sai mutuwa. Gogan naka ya ci faɗin bulo ɗaya a cikin babbar kwatar da ke bin bayan gidajen, ya shafe da siminti. Ba wanda ya lura, sai ruwa.

Ruwan farko na damina ya shiga gidan tela. Na biyu ya shiga gida huɗu, ya jiƙa wa mai burodi buhunan fulawa. Aka taru a bakin layi ana ta tsine wa hukuma, aka roƙe shi ya rubuta takardar koke, tunda shi ya san kan abin. Ya karɓi biron. Ya san ko injiniya aka turo, da wuya ya leƙa ƙarƙashin ɗakin tsohuwa. Kunya ta hana shi cin abinci kwana biyu.

Matarsa ta ce ya rufa wa kansa asiri, ai damina ba ta dawwama. Sai ya je ya durƙusa gaban tsohuwa ya zayyana mata komai.

"Har ɗakin matar tela mai goyo ya shiga?" in ji ta.

"Ya shiga, Inna."

"To zaman me kake yi? Nemo masu ɗaukata."

Da safe aka hau da ita bene a kan kujera, aka kwance gadon aka bi ta da shi. Ya ɗauki guduma ya rushe bangon a gaban kowa. Wasu suka gane. Tela kam ƙorafi ya yi, wai ɓaraguzai sun tare masa ƙofar shago.

Ruwa na uku ya wuce sumul. Magini ya yi wa tsohuwa tayin sabon ɗaki ɗan ƙarami, ta ce in ba da gadonta ba, ta yafe. Tun daga nan ta taga take kallon layin. Ba ta sake saukowa ba sai ranar da aka sauko da ita a makara.