Wayar da Ba a Aro

Gambo bai taɓa kiran sunan Mardiyya ba. 'Yarsa ce ta fari, kunya ta hana. Tana barin nono ƙanensa Inuwa ya ɗauke ta riƙo, ya sa ta a makaranta, har ta zama mai haɗa manhaja a cikin Hadejia. Inuwa take kira Baba. Gambo kuwa Baffa, kamar yadda sauran 'ya'yan Inuwa ke kiran sa. Idan yana son jin lafiyarta, sai ya yi kewaye-kewaye ya tambayi ƙanensa, "Yaya yaran gidanka?"

Bana ta yi wa ƙungiyar manoman shinkafa ta Auyo wata manhaja. Injin girbi ɗaya gare su, kullum rigima a kan wa zai fara. Yanzu mutum zai zaɓi rana a wayarsa, saƙo ya zo masa cewa ranar tasa ce. A majalisa ana ta cewa 'yar Inuwa ta yi ƙoƙari. Gambo yakan gyara hularsa ya dubi wani wuri.

Da aka ji labarin ruwan kogi yana tasowa, kowa ya rugo kan wayarsa. Gambo ya danna Laraba, saƙo ya zo. Gonarsa ce a ƙasa, kusa da inda ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa, ita ruwa ke fara ci.

Ranar Laraba da safe ya tarar da injin a gonar Inuwa.

"Yau ranata ce," in ji Gambo, ya miƙa wa Safiyanu direba wayarsa.

Inuwa ma ya miƙa tasa. Saƙo iri ɗaya, rana ɗaya.

"To ni injin ba ya rabuwa biyu," in ji Safiyanu. "Ku kira mai abin."

Inuwa ne ya kira, da yake shi ke kiran ta. Ya saki muryar kowa ya ji. Mardiyya ta ce kuskuren nata ne: sun danna kusan tare, kwamfutar ta amsa wa na biyu kafin ta gama rubuta na farko. Ta duba, ta ce na Baba ne ya riga shiga da ƙiris.

"Yaya, in ka matsu, a fara da taka," in ji Inuwa.

"Ai ta riga ta faɗa. Na Babanta ne ya shiga."

Ya juya ya tafi neman masu lauje. Yana tafiya a kan kunyar gona yana jin kalmar nan tana bin sa. Ƙiris. Wa ya ga ƙiris ɗin? Ita kaɗai ta leƙa cikin kwamfutar. Da a ce shi ya goya ta a kan keke zuwa firamare, da ƙiris ɗin nan ya faɗo ɓangarensa.

Bayan la'asar yana cikin laka har gwiwa, shi da masu yanka, sai wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne na turanci da wasu lambobi. Kafin ya mayar da ita aljihu, baƙuwar lamba ta kira.

"Baffa, ina wuni. Mardiyya ce."

Ya fita daga cikin shinkafar ya hau tudu. Ba ta taɓa kiran sa a waya ba.

"Lafiya dai?"

"Lafiya. Ina tahowa Auyo ne wayata ta faɗa ruwa a kwalekwale. Na ari ta wani. Ina so in shiga in gyara abin da ya faru da safe, kafin ya sake haɗa wasu faɗa. Amma shafin ba zai buɗe min a baƙuwar na'ura ba sai da lambar da ya aiko maka yanzu. Karanto min, ba ta daɗewa take mutuwa."

"Ni ya aiko wa?"

"Lambarka na sa tun farko, ko da irin haka za ta faru."

Gambo ya dubi gonar Inuwa can sama, an share ta tas, buhuna a jere. Ya dubi tasa, ruwa ya fara leƙowa ta gefen kacala.

"In kin shiga, za ki iya sa ni gobe?"

"Gobe ta Gumsu ce, Baffa. Ita ma gonarta a ƙasa take. Abin da zan yi shi ne, duk wanda ya fara taɓa rana, a kulle ta har a gama da shi."

"Da Inuwa ne ya tambaya fa?"

"Shi ma haka zan ce masa. Ya sha ji."

Gambo bai karanto lambar ba. Yana jin numfashinta, da hayaniyar masu babur a bayanta. Ta ce, "Baffa, wannan ta mutu. Zan sa a aiko wata."

Wata ta zo. Ya nisantar da wayar daga idonsa don ya gani sosai, ya karanta mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ce shafin ya buɗe. Ya so ya kashe, bakinsa ya riga shi.

"Me ya sa ba ki sa lambar Babanki ba?"

Ta yi 'yar dariya. "Wayar Baba ai ta unguwa ce. Yara su kalli wasa, maƙwabta su yi kira. Kai kuwa ko Inna da kuke gida ɗaya ba ta taɓa taka."

Ba amsar da ya so ji ba ke nan. Ya ce to, Allah ya taimaka. Ya koma cikin laka, suka yi ta yanka har rana ta yi ja. Gefen kacala ba su kai gare shi ba, ruwa ya riga su.

Suna ɗaure dammuna sai ga Inuwa da 'ya'yansa biyu, sun zo taya shi kwashewa. Gambo ya naɗe wayarsa a leda, ya ƙulle, ya sa a aljihun ciki.

"Yaya, tawa ba caji," in ji Inuwa. "Ara min taka in ji ko yarinyar nan ta iso."

"Ta iso. Mun yi magana."

"Kai da ita?"

"Ni da ita." Gambo ya ɗora dami a kai. "Wannan wayar ba a aron ta."