Robar Ɗaure Buhu

"Umma, me ya sa fitilar motar Baba take kallon sama? Ko tsuntsaye take nema?"

Kausar ce, 'yar shekara biyar, ta jefo tambayar da safe a ƙofar gida. Naja'atu ta dubi ƙullutun da ya taso a goshin yarinyar, ta dubi mijinta Sada, shi kuwa ya sunkuya yana ta goge gilashin da ba shi da datti.

Jiya bayan magariba suna dawowa daga gona a Maska, a-kori-kurar cike da masara, motar ta faɗa rami. Sababbin fitilu biyun da Sada ya ƙara mata suka ɗaga kai sama, hanya ta yi duhu, sai ga shanu a gabansu. Ya taka birki, goshin Kausar ya bugi gaban mota. Ashe da robar ɗaure buhu ya naɗe fitilun a jikin wani siririn ƙarfe na tsohon gado.

"Baban Kausar, fitila ce ko buhun dawa?"

"Haba Naja, robar nan buhu goma take riƙewa."

"Buhu ba ya haska hanya! Gobe da asuba kuma ka ce mu bi ka Bakori? Wallahi ƙafar yarinyar nan ba za ta taka motar nan ba sai an gyara."

Ta bar Kausar a gida, ta yafa mayafi, ta shiga gaba ta zauna. Haka ya ja su har Funtua, rumfar kawunta Maitama mai walda.

Maitama ya ja robar, ta miƙe ta koma. Ya yi dariya har da tari. "Sada, ai ka yi wa fitila goyo! Ina kake so a kafa su?"

"Bisa rufi, Kawu. A ɗan ɗiga walda kawai, a hango ni tun daga nesa."

"A hango ka?" Naja'atu ta katse shi. "Mu hanya muke so mu gani. A kan rufi reshen ɗorawa zai kwashe su, hasken kuma ya kashe idon masu babur. Kawu, ɗigon walda zai jure ramukan Maska?"

"Sati biyu, in an yi sa'a."

"To a sa ƙarfe mai kauri a jikin bambar gaban motar, a huda, a ɗaure da noti bibbiyu."

Sada ya haɗe rai. "Yanzu a gaban mutane za ki koya mini mota?"

"Motar taka ce. Goshin fa?"

Sada ya koma gefe ya ba da wuri. Maitama ya yanko ƙarfe ya huda, ya sa guntun taya a tsakani don ya shanye girgiza, ya ƙulle notin. Da ya gama, Naja'atu ta kama fitila da hannu biyu ta jijjiga da duk ƙarfinta. Motar gaba ɗaya ta yi lilo, fitilar ko gezau. Ta koma ta biyun ta yi mata haka. Sai da suka koma gida sannan ta ɗauki Kausar ta sa a mota, fuskarta har yanzu a murtuke.

Ke mai karatu, kafin ki ɗora ɗanki a motar da aka ƙara wa fitila, kama fitilar ki girgiza. In ta motsa, sauke ɗanki, ko motar ta ubansa ce.