Sunan da Na Kira a Garin Murjani

Daren jiya wani mafarki ya same ni, wai na ɗage murfin randa zan ɗebi ruwa sai na tarar da teku a ciki. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin garinmu ba, ko a jikina. Na dai gyara ɗaurin zanena, na ce wa yara su sa takalma.

Mu huɗu muka shiga. Nuhu ɗan shekara biyar yana gaba, Balaraba auta tana riƙe da gefen zanena, sai babbar a baya. Babbar ita ce 'yar farina, shekararta bakwai, kuma tun ranar suna bakina bai taɓa kama sunanta ba. Haka muka taso muka gani, uwa tana kunyar ɗan fari. "Ke" nake ce mata, ko in aiki Nuhu ya kira ta. Ko a unguwa Maman Nuhu ake ce mini.

A ƙasan randar akwai gari, duk gidajensa na murjani ne, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, wasu masu rassa, wasu kamar an kife ƙwarya. Wani tsohon kunkuru ne mai unguwa. Ya duba tafin ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun taɓa zuwa?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To, sannunku da dawowa. Kada a taka gida, da rai yake. In la'asar ta yi ruwa zai tashi, kowace uwa ta kira nata."

Sai ga mu a kasuwa. Wata halitta mai hannu takwas tana yi wa mata huɗu kitso a lokaci guda, tana canza launi duk sanda aka kawo gulma. Wani kifi mai bakin aku yana gurgurar dutse yana kashin farin yashi. Nuhu ya yi dariya har ya kifa, ya ce ashe a kan abin nan muke tafiya tun ɗazu. Balaraba kuwa ta tsaya gaban wani ɗan mitsitsi mai kan doki da ƙaton ciki, ta gaishe shi da "Sannu, Hajiya."

"Malam ne," in ji shi. "Matar ta tafi aiki."

Na ce a raina, Allah Ya kai wannan tsari gidanmu.

Babbar kuwa ta koma gefe. Ta durƙusa tana kallon wani kifi mai ratsin fari yana shiga yana fita cikin wani abu mai kama da taliya. Ta ɗago ta dube ni, fuskarta cike da magana. Na kau da kai kamar yadda na saba, na shiga gyara wa Balaraba ɗan kwali.

Sai ga ayarin ƙananan kifaye ruwan ɗorawa, sun fi dubu, duk kamarsu ɗaya. Suka ratsa mu suka wuce. Da na ƙirga yara, biyu na samu.

Kunkuru ya leƙo daga wata taga da butar alwala a hannu. "La'asar ta kusa. Wanda ba a kira ba, namu ne."

Na ɗaga murya na ce, "Ke! Ke yarinya!" Kifi dubu suka juyo gaba ɗaya, suka ce na'am.

Na ce, "Yayar Nuhu!" Wajen ɗari uku suka matso. Ashe Nuhu ba su da wuya a teku.

Na dafa Nuhu na ce maza ya kira yayarsa. Ya buɗe baki, kumfa ta fito ta yi sama abinta.

"Ba a aike a nan," in ji kunkuru.

Ruwa ya fara naɗewa daga gefen gari kamar tabarma. Ni kuwa, don Allah ku ji wauta, sai na tsaya waige-waige ko akwai babba a kusa. Akwai kuwa. Inna, uwar mijina, tana zaune a bakin wani kogo, ta zama ƙaton kifi mai tabo-tabo, amma da gilashinta da carbinta. Kunya ta rufe ni, na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Ni yau kifi ce, ba ni da kunne." Ta juya mini baya a hankali, ta ci gaba da jan carbi. Ban taɓa jin ƙaunar matar nan kamar lokacin ba.

Na buɗe baki. Sunan ya yi nauyi, shekara bakwai yana kwance, sai da na dafa ƙirji.

"Rumasa'u."

Ayarin ya tsaya cak. Kifi ɗaya ƙwal, mai ɗan tabo a goshi inda ta taɓa faɗuwa a kan turmi, ya fito ya kwanta a tafin hannuna. Na sake faɗa, don na ji daɗinsa a bakina. Sai ga ta a bayana, na goya ta da zane, ƙafafunta suna bugun gwiwoyina. Ta kwantar da kai ta ce, "Umma, kifin nan mai ratsi, taliyar ce gidansa. Ba ta harbinsa." Na ce ta faɗa mini duka, ina ji. Ina tafe ina godiya ga Allah, ina gode wa kunkuru, har mai kitso sai da na yi wa godiya.

Ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni, shar, shar, a tsakar gida. Gari ya waye, babbar ce take shara kamar kullum, Inna tana ƙofar ɗakinta tana shan koko. Na ɗan jima a zaune ina hamdala. Sannan na ɗaga labule na kira yarinyar da sunanta.

Tsintsiyar ta tsaya. Sai da ta waiga bayanta tukuna, ta ga babu kowa, sannan ta yar da ita ta taho da gudu.