Yagaggiyar Lasifikar Erondu

Dee Erondu ya daki igiyoyin jitarsa, ya runtse ido yana jiran gurnani. Abin da ya fito daga tsohuwar lasifikar sai wani sauti garau mai ladabi, irin wanda ake raka mawaƙan coci da shi ran Lahadi.

Ya sake bugawa. Haka dai.

"Kai, Erondu," in ji Ikonne mawaƙinsu, yana gyara haƙoransa na roba, "yaushe jitarka ta tuba ba ka gaya mana ba?"

Ogbuagu mai ganga, wanda kiɗa ya daɗe da cinye masa kunnuwa, ya ɗago kai. "Me? An fara ne?"

Abin fa ba na dariya ba ne. Su ukun nan kaɗai suka rage cikin 'yan Egbe Igwe, ƙungiyar kiɗan rok da ta girgiza garin Aba bayan yaƙin basasa. Yau da la'asar za su hau dandamali karo na farko cikin shekara arba'in, kuma waƙa ɗaya tak jama'a za su zo ji, wato "Damisa Ta Shigo Gari". Waƙar kuwa ba muryar Ikonne ce ta ɗaga ta ba, ko da yake haka yake gaya wa jikokinsa. Gurnanin jitar Erondu ne, ƙarar nan mai kaushi da ke tayar da tsigar jiki. In babu shi, tsofaffi uku ne kawai za su tsaya suna ba mutane tausayi.

Daa Ugonma, matar Erondu, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, baki har kunne.

"Kun ji yadda ta washe ko? Ni na kai lasifikar kasuwar Ariaria shekaranjiya. Mai gyara ya ce takardar cikinta a yage take kaca-kaca, ya sa sabuwa fil. Ba za ka fita bainar jama'a da kayan bola ba, Papa Uloma."

Erondu ya ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Mama Uloma, kin kashe ni. Yagewar nan ai ita ce waƙar!"

"To mene ne na ihu?" in ji Ikonne. "Shekara hamsin kana cika mana baki, kana cika wa 'yan jarida, wai kai ka tsaga ta da reza, da wani awo na sirri. Ga reza can. Maimaita mu gani."

Erondu ya durƙusa da ƙyar, ya cire ƙyallen gaban lasifikar. Ya kai reza ya janye, ya sake kaiwa ya janye. Zufa ta karyo masa. In ya yanka ba daidai ba takardar ta mutu ke nan, kuma babu lokacin nemo wata. Kunya ta kama shi har wuya.

"Ban taɓa tsaga ta ba," ya ce a hankali. "Wata safiya na shiga ɗakin kayanmu a otal na tarar da ita haka. Na buga na ji abin ya yi daɗi, sai na ja bakina na yi shiru."

Ikonne ya yi dariya har sai da ya tare haƙoransa da hannu.

"Me ya ce?" in ji Ogbuagu.

"Ya ce shi maƙaryaci ne!"

"Yo wannan ai mun sani."

Ugonma ta ajiye ludayi. "Ka tuna ranar da za ka kawo bammi gidanmu neman aurena? Babana ya tara dangi, an yanka akuya, aka zauna jiranka har rana ta faɗi, kai kana Fatakwal kana tsalle a dandamali. Washegari ni na shiga ɗakin kayan naku a otal. Da tsinin takalmina na yi mata."

Sai tsofaffin suka hau roƙonta ta maimaita, Ikonne har da cire hula. Ta ɗauko takalminta na zuwa coci, ta tsuguna, ta kai wa takardar ɗan bugu. Ko gezau.

"Ba zai yiwu ba," ta ce. "Ran nan da zuciya na yi. Yanzu kuwa tausayinka nake ji, tsoho."

Erondu ya dubi agogo, ya dubi matarsa. Wallahi yana son matar nan, kuma ya san abin da zai faɗa zai ja masa.

"Mama Uloma, tunda yau ranar faɗar gaskiya ce, miyarki ta achara da nake ta yabo shekara hamsin, ta matar Ikonne ta fi ta."

"Ba ruwana!" Ikonne ya ja da baya. "Ni ban ce ba!"

Sau uku takalmin ya sauka a kan takardar lasifikar, kuma na ukun sai da ta murɗa kafin ta zare. Erondu ya miƙe, ya daki igiyoyin. Gilasan taga suka amsa, kajin tsakar gida suka watse.

"Yauwa!" Ogbuagu ya daka tsawa, ya rarumi sandunansa. "Yanzu na ji!"

Da la'asar fili ya cika maƙil. Kakanni suka yar da sandunan dogarawa suna kaɗa furfura, matasa suka saki baki suna kallon ikon Allah. Ugonma na kujerar gaba ta harɗe hannuwa, fuska a murtuke, ƙafarta ce kawai ke bin kiɗan.

Mako guda cur tukunyarta a rufe take ga Erondu. A gidan Ikonne ya riƙa ci, inda duk Aba ta san miyar ruwa ce zalla da ganye na iyo a kai. Labarin yabon kuwa ya riga ya kai kunnen matar gidan, don haka kullum sai ta tsaya a kansa da tukunya tana ƙara masa.