Haƙorin Makkan Goggo

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, kuma sau uku ina yaga takardar nan kafin na haƙura na bar ta. In kun ga kuskure, ku kawar da kai.

"Goggo, don girman Allah ki tashi daga bencin nan," in ji Hamida, karo na huɗu.

Goggo Mairo, yayar babanta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana zaune a rumfar Gide mai cire haƙori, a bakin kasuwar Ƙanƙara, ta tallabe kuncinta na hagu da ya kumbura har ya fara rufe mata ido. Haƙorin Makkan da aka sa mata shekara goma sha tara da suka wuce, lokacin da ta sauke farali, shi ne ya ruɓe ta ƙarƙashin zinaren. Tun jiya ko kunu da ƙyar yake wucewa. Da safe baban Hamida ya ɗora su a kan acaɓa daga Ƙetare, ya ce asibiti kai tsaye. Suna shigowa gari Goggo ta dafa kafaɗar mai babur ta ce a sauke ta kasuwa.

"Ba ni zuwa asibiti," ta ce ta gefen baki. "Ba ke kika karanta muna ba? Allurar kashe zafi tana tsai da zuciya. Abin cikon da suke turawa da guba ciki. Hoton da suke ɗauka yana ƙona jiki. Da bakinki kika hwaɗa, muna ɓarar gyaɗa."

Hamida ta ji kamar ta kurma ihu. Ita ɗin ce ta faɗa. Wata biyu baya ta ci karo da wani dogon rubutu a waya kan haɗarin aikin haƙori, ta tara matan gida ta karanta musu tiryan-tiryan har da fassara, tana jin daɗin yadda suke salati. Ba a taɓa sauraron karatunta kamar ranar ba.

"Goggo, cewa na yi jefi-jefi. Sai an yi mutane da yawa kafin a samu ɗaya."

"To ni ce ɗayar."

Gide ya yi dariya yana naɗe hannun riga. "Ƙyale Hajiya, 'yar boko. Shekara ashirin ina rumfar nan, ba allura, ba hoto. Bisimilla, fizga ɗaya, a kurkure da ruwan gishiri."

Hamida ta juya masa baya ta durƙusa gaban Goggo. Ta yi mata bayanin ciwon hanta, yadda ake ɗaukarsa ta jini in ƙarfe ɗaya yana shiga bakin kowa. Ta kawo misali, ta nuna hoto a waya. Goggo ta ce ciwo na Allah ne. Hamida ta ce ai allura ma haka. Goggo ta ce ta rufe mata baki, kanta yana sarawa.

Wani manomi ne a gabansu. Gide ya danne masa goshi, ya sa filaya, ya murɗa. Mutumin ya yi gurnani, ya tofar, ya tashi yana tangaɗi. Gide ya tsoma filayar a wata roba, ya kaɗa ta sau biyu, ya goge da tsumma.

"Hajiya, bisimilla."

Goggo ba ta motsa ba. Idonta mai lafiya yana kan robar. Ruwan ciki ya yi ja kamar zoɓon da aka sirka.

"Wancan ruwan mi ne?"

"Na wanke kayan aiki ne."

"Tun yaushe?"

"Tun safe, Hajiya, ai da gishiri ciki."

"Ruwan da jini ya sauya wa launi?" Muryarta ta fito sarai, kamar ba ita ce mai kumburi ba. "Ko alwala ba ta yiwuwa da shi, shi za ka kai bakina? Ka taɓa mini haƙorin da aka sa a Makka da najasa? Kai ko makarantar allo ba a kai ka ba?"

Ta miƙe ta gyara mayafi. Hamida ta tsaya da waya a hannu, baki buɗe. Rabin awa ta yi tana zuba bayanin ciwon hanta a banza.

"Mi kike kallo? Tare muna babur."

A asibiti suka samu Malama Adama, mai aikin haƙori, mace mai ƙiba da ba ta gaggawa. Kafin Goggo ta zauna sai da ta sa aka nuna mata inda ake dafa ƙarafan. Malama Adama ta auna mata jini, ta tambayi magungunan da take sha. Goggo kuwa ta jero mata allura, guba, hoto, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Wa ya faɗa miki duk wannan?"

Goggo ta nuna Hamida da leɓe. Hamida ta dubi silin.

"Kowane aiki da nasa haɗarin, Hajiya, shi ya sa na auna ki. Amma kumburin nan in ya gangara maƙogwaro, numfashi zai tare. Ciko kuwa kwantar da hankalinki, babu abin da ya saura da za a cike."

Goggo ta shafa kuncinta. Ta ce a hankali, "In kin cire, mi zai nuna na je?"

"Zan wanke miki zinaren in ba ki abinki."

Aka yi allura, zuciya ba ta tsaya ba. Aka cire, aka rubuta magani, aka ce ta dawo jibi. Goggo ta karɓi zinarenta ta ƙulle a haɓar mayafi, ƙulli biyu. Hamida ta jingina da ƙyaure tana sauke numfashi, ta tura ɗan kanumfarin da ke bakinta can bayan dasashi, inda ta saba ɓoye shi.

"Malama," in ji Goggo ta cikin auduga, "tun da kin iya, ɗiyar nan tun ƙaramar salla da gefe guda take tauna. Duk gida warin kanumfari. Tana zaton ba mu sani ba."

"Haka ne? To bari in sauya safar hannu."

Malama Adama ta juya wajen famfo. Goggo ta sunkuya tana ƙara wa ƙullinta na uku. Hamida ta dubi kujerar, ta dubi sirinjin da ke kan faranti. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu don kada su yi ƙara, ta zame ta bakin ƙofa.